Direban Ayaba, Ka Ajiye Kwalbar Nan

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Baban Hadiza ne, mai ayaba a kasuwar Zuba.

Garin nuna wa matasa har yanzu da sauran ƙarfina, na hau sauke kaya, busasshen ganyen ayaba ya karce mini ido. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, jan da idon ya yi ya washe, nan take na zama likitan kasuwa. Har ragowar na ba wani direba mai irin ciwon.

Ba a jima ba wani fari ya fito a baƙin idon, 'yata Hadiza ta ja ni asibiti. Likita ta ce fumfuna ce, irin ta burodi, ta shiga ta karcen. Wai ido yana da masu gadi tun haihuwa. Da sun taɓa bawon fumfuna suke gane ta, su kira 'yan'uwansu. Jan nan faɗansu ne, maganina kuwa barci ya sa su.

Hadiza ta ce, "Baba, ka sallami maigadi, ka bar ɓarawo."

Idona yana dawowa a hankali. Direban nan ne ban san sunansa ba. Oga, in kana saurare, ajiye kwalbar nan ka tafi asibiti. Idonka bashi ne a wuyana.