Injin da Aka Wanke

A bakin gareji wata mata na zaune kusa da tsohuwar jif ɗin marigayi mijinta, sai wani dattijo ya leƙa injin.

"Baiwar Allah, wa ya wanke injin nan?"

"Ni na sa. Sayarwa zan yi, in gyara rufin ɗakin yara kafin damina."

"Kin yi ɓarna. Mai saye in ya ga inji fes, cewa zai yi yoyon mai aka ɓoye, ya karya kuɗin."

"Ba ta yoyo, Baba! Maigidana, ko tari ta yi sai ya wuni a ƙarƙashinta."

"Na gani. Tun ɗazu nake duba ƙasa, ko ɗigo babu. Ga tayoyi ma..."

Ta ɗago ta dube shi. "Au, har ƙasa ka duba? Ashe kai ne mai sayen."

Ya sosa ƙeya. "Hanyar gonata ce duk taɓo."

"To zo gida gobe da sassafe, inji na sanyi, ka tayar da ita da kanka. Ragi kuwa babu, da bakinka ka yabe ta."

Dattijo ya yi dariya, ya nemi kwatancen gida.