Na Sayi Tikitin Wajen Wasa Ban Faɗa wa Hajiya Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Sunana Bukar, gidana a Fagge, shagona a Sabon Gari.

Mun shirya kai yara Dubai in an yi hutun makaranta. Maƙwabcina na kasuwa ya ce in sayi tikitin wajen wasan yara tun yanzu, don in hutu ya matso tsada yake yi. Na saya ta waya, da ranar shiga a jiki, ba a canzawa. A gidanmu kuwa ba a sa ranar tafiya sai mahaifiyata Hajiya ta sa albarka. Ni sai da na gama saye na je mata.

Ta tambayi ranar, na faɗa. Sai ta ce, "Bukar, a wannan satin za ka yi nisa da ni?"

Lafiyarta ƙalau, Malam. Amma tun ranar take rabar da zannuwanta. Jiya ta zaga maƙwabta tana neman gafara. Yau da safe ta miƙo mini makullin akwatinta, ta ce in ajiye. Yara kuma sai murna suke yi, hutu ya kusa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In tafi, ko in zauna kusa da ita?