Aljanin da Aka Ce Yana Tsoron Ƙararrawar Coci

Jama'ar Ubangiji, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna yau.

Ni ce Saratu mai ɗinki, matar Ɗanjuma direba. Wasunku sun fi sanina da "matar nan mai aljani". Ba komai, ina ji, kunnena lafiya lau yake.

A Tudun Wada muke zaune a da. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, muna ta murnar mulkin farar hula, sai gari ya kama da wuta. Ina wanke shinkafa da safe samarin layinmu suka fara dukan falwayar lantarki da ƙarfe, alamar kowa ya gudu. Ƙanena Bitrus ya ce, "Yaya, kwashi yara, ina bayanki." Har yau bai iso ba.

Muka dawo nan unguwar Television. Lahadin farko na ci kwalliya na zo sujada, sai aka buga ƙarfen tayar motar nan da ke rataye a mangwaro, wato ƙararrawarmu. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin benci ina kiran Bitrus ba.

Shi ke nan! Aka yanke hukunci cewa aljanin jikina ba ya son ƙarar gidan Allah. Masu addu'a suka sa ni a tsakiya, suka kwanto ƙarfen suna bugawa a saman kaina. Ina faɗuwa suna cewa, "Haleluya, yana fita!" Babu abin da ya fita sai fitsari, a gaban jama'a. Na san da ƙauna kuka yi, amma kun ji mini ciwo.

Na daina zuwa. Barci ya gudu. Ko cokali ya faɗi sai na zabura, na hau yara da faɗa. Dangin maigidana suka ce a kai ni ƙauye, yaran su koma hannun yayarsa.

Ranar na durƙusa kusa da keken ɗinki na ce, "Ubangiji, magana na zo mu yi. Bitrus ya tafi, na yi shiru. Yarana kam ba zan bayar ba!"

A satin Mama Ladi, nas mai ritaya, ta zo karɓar rigarta ta zumuntar mata. Ta ce, "Saratu, kafin rikici ƙarar ƙarfe tana kayar da ke?"

Na ce, "A'a, Mama."

"To shirya, asibiti za mu."

"Na mahaukata?"

"Na marasa lafiya, ke dai ɗauko mayafinki."

Likita ya saurare ni har na gama kuka. Ya ce ciwo ne sananne, firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga mummunan tashin hankali. Ya ce, "Madam, ke kin tsira, jikinki ne bai yarda an gama gudu ba." Suka ba ni magani, suka koya mini yadda zan ja numfashi idan abin ya taso, ina zuwa muna zama ina ba da labarin safiyar nan kaɗan-kaɗan. Maigidana ya raka ni sau ɗaya, ya ji da kunnensa, ya koma ya gaya wa danginsa babu inda za ni.

Ga yarana can suna zaune, ni na yi musu wanka da safe. Yabo ga Ubangiji!

Ban warke sarai ba, kuma ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba. Duk mai cewa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, ya same ni bayan sujada. Allahn da na kai wa kuka shi ya turo Mama Ladi, shi nake gode wa.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Daga tagar shagona ina ganin maza masu gemu suna zabura idan an buga ƙarfen nan, su wayance da gyaran hula. Ku dogara ga Yesu, ku daina ɓoyewa. Ranar Alhamis zan koma asibiti. Wanda ya same ni a tasha, ba zan tambaye shi komai ba, zan dai matsa masa ya zauna.