Ya fasa sayar da fili, ya riƙe tubalina

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Daga Akokan, garin haƙar ma'adinai a hamada, nake rubutowa. Shekara shida rabona da garinmu Tasawa, don tun da tawaye ya tsananta hanya sai da rakiyar soja.

Da kamfanin haƙar ma'adinai da muke wa aiki ya sallame mu, aka karɓe gidajen aiki, sai na sayi fili wajen wani dattijo gaban shaidu, aka sa albarka. Na haƙa ƙasar filin na buga tubali. Kun san tsadar ruwa a garin nan. Tano-tano, wato duro-duro, na riƙa saye, har na wanka nake ragewa.

Sai da tubali ya bushe dattijon ya zo ya ce ya fasa, wai 'yan'uwansa da fari ya kashe wa dabbobi sun sauko gari, nan za su zauna. Gaskiya ya maido kuɗina, ko dala bai ci ba, kuma mutanen abin tausayi ne. Amma da na ce ya biya ni asarata ko in kwashe tubalina, sai ya ce, "Ɗana, ƙasar tawa ce, ruwan ne naka. In kana iyawa, cire ruwanka ka tafi." Wallahi yanzu haka da tubalina suke gini.

Malamai, ku ba ni shawara. Wanda ya warware ciniki ba ya biyan ɓarnar da ya jawo? Mai unguwa zan kai wa ƙara ko alƙali? Abin da na tsira da shi dai, kuɗin fili, kwanon rufi takwas da ƙofa ɗaya da na saya don ginin.