Ƙararrawar Ƙafar Hagu

A layin mai shayi, ranar bikin ƙauyenmu, wata mata cikin fararen kayan rawar moris, rawar gargajiyar Turawa da ake yi da ƙararrawa ɗaure a ƙafafu, ta juyo ga tsohon da ke bayanta.

"Baba, ku 'yan garin nan ba ku da tsari. Mu shida muka yi rajista, wata uku muna gwaji. Muna tsakiyar rawa wani dattijo ya faɗo mana, ba gayyata ba sallama."

"Ya ɓata muku taku?"

"Ai abin haushin kenan, ya fi mu iyawa. Amma sai na kai ƙararsa wurin masu shirya biki. Ƙararrawa ma a ƙafar hagu kaɗai ya ɗaura."

"Cyril Haddow ne, 'yata. Shekara hamsin muna rawa tare, ba mu taɓa rubuta suna ba. A nan in ɗan rawa ya rasu, da ƙararrawar hagu ake binne shi. Ta dama abokinsa ke riƙewa."

"Haba Baba, da rana tsaka?"

"Je ki kai ƙarar. Ki gaya musu bara muka binne shi."

Tsohon bai motsa ba. Amma cikin aljihunsa ƙararrawa ta soma kaɗawa, daidai da kiɗan da ke tashi a fili.