Agogon da Baba Ya Kawo

A rumfar mai gyaran agogo, wata mata ta dire agogon bango a kan tebur.

"Malam, mai kawai na ce ka sa masa. Wa ya aike ka gyara lokaci?"

"Hajiya, ai ba daidai yake ba."

"Karambanin banza! Babana ma'aikacin jirgin ruwa ne, shi ya kawo shi. Duk ƙasar da ya sauka, Mama takan juya agogon zuwa lokacin can. Tafiyar ƙarshe bai dawo ba. Haka ta bar agogon shekara ashirin, har ta rasu!"

"Yi haƙuri, sai in mayar. Awa nawa ne tsakani?"

Ta ƙura wa agogon ido. "Ban sani ba."

"Tambayo a gida mana."

"Da ina da wanda zan tambaya, zan tsaya ina maka ihu?"