Ba Za a Shafe Mai Sarƙa Ina Kallo Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Isa direba, mutumin Zariya. Tun da aka rufe boda nake jibge a tashar Illela da gingimari, ba gaba ba baya.

A bayan motar akwai zanen tsohon jarumin Indiyan nan da muke kira Mai Sarƙa. Ran Lahadi ɗan Alhaji mai motar ya zo da mai fenti, wai a shafe shi a zana sabon yayi. Ya ce, "Baba Isa, mi za a yi da tsoho? Fim ɗinsa na bana ko rabin silima bai cika ba."

Gaskiya ya yi tumbi, an ma ce wani ke yi masa tsalle yanzu. Amma shekara ashirin yana cika silima, don ya faɗi sau ɗaya sai a shafe shi? Na shimfiɗa tabarma na jingina da zanen. Na ce wa yaron, "Mota taku ce, amma sai Alhaji ya zo ya faɗa da bakinsa." Ya ce to, a bakin aikina.

Masu sauraro, ku ba ni shawara, amma kada wanda ya ce in tashi. Ina gaida Ladi da yara a Tudun Wada. Ku ƙara haƙuri.